Surukina a Bakin Layi

Har yau ban manta da ranar da na hura wa yaran surukina usur ba. Zamanin farar hula ne, shekarar da aka shiga tsuke bakin aljihu. Ina malamin motsa jiki mai daraja ta biyu a Bodinga, aka tura ni alƙalancin wasan ƙarshe na makarantun firamare. Ɗaya ƙungiyar daga wajen Shagari ta zo, mai horar da ita kuwa Hedimasta Umaru ne, uban matata.

Kun san al'ada. Ba na tsayawa gabansa da takalmi, ba na haɗa ido da shi, balle musu.

Ana gab da tashi, ana kunnen doki, yaronsa ya jefa ƙwallo a raga. Na hura, na ce satar gida ce, wato ya riga masu tsaron baya shigewa kafin a bugo masa. Hedimasta ya tsallako layi ya nufo ni. 'Yan kallo suka fara shewa, wani ya ce, "Yau za mu ga alƙali ko miji." Na san in na janye hukuncin nan, babu makarantar da za ta sake yarda da usur ɗina.

Ga abin da na yi, bi da bi. Da farko na tsayar da wasa. Sannan na cire usur na miƙa wa mai tuta, na tuɓe takalmi, na durƙusa.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau. Mi ka gani?"

"Ya shige kafin a buga, ranka shi daɗe."

"Ni ban ga hakanan ba."

Na bar shi ya faɗi nasa har ya gama, ban katse shi ba. Daga nan na miƙe, na sa takalmi, na karɓi usur, na nuna inda za a ajiye ƙwallo. Ya dube ni, ya koma bayan layi da kansa. Yaransa suka sha kashi a bugun fanareti.

Har ya rasu bai yarda satar gida ce ba, duk Sallah sai ya tayar da maganar. Amma da shekara ta zagayo, shi ya ce a sake ba ni wasan.

Ku alƙalan wasa masu tasowa, mai horarwa ba dole ya yarda da ku ba. Ku ba shi girmansa duka, ku saurare shi. Hukuncin dai ya zauna inda kuka ajiye shi.