Ganyen Kwakwa Domin Ibu Maryati

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab na shekarar 1446, wadda ta yi daidai da sha huɗu ga Janairun 2025, Allah Ya karɓi ran Ibu Maryati Sangaji a gidanta da ke birnin Ambon, bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu tattara mu koma. Labarin ya iske mu a nan tsibirin Wulira da hantsi, ina tsakar gida ina shanya kifi, ɗanta Ridwan ya bugo waya. Iskar yamma ce ke kaɗawa a wannan watan, babu jirgin da zai iya tsallaka teku, don haka aka kai ta makwancinta babu ko mutum ɗaya daga cikinmu a wurin. Abin ya tsaya mini a rai, Ibu, shi ya sa na zauna nake rubuta miki wannan.

A jami'a farfesa suke kiran ki, wadda ta shafe sama da shekara arba'in tana bin tsibirai, tana haƙa a cikin kogunan dutse don gano yadda mutanen farko suka yi kamun kifi. Mu a nan sunanki Ibu Ƙaya, wato Mama Ƙaya, kuma ke da kanki kina amsawa.

Ina amarya kika fara sauka a gidanmu. Kullum da safe kina bakin ruwa kina jiran masunta, ki zaɓi kifi ɗaya daga kowane iri, har waɗanda yara ba sa kallo. Ki dafa shi sai ya sake, ki raba wa maƙwabta tsokar, ke kuma ki wanke ƙayar ki jera a kan kwanon rufinmu. Da ita kike gwada ƙasusuwan da kike tonowa a kogo, ki san wane kifi ne. Kyanwoyin ƙauyen nan kaf suka dawo gidanmu da zama. Surukata, Nene Aisa, ta ja ni gefe ta ce, "Salma, wannan baƙuwar taku lafiyarta ƙalau kuwa? Mutum ya kyautar da nama ya riƙe ƙaya?" Ba a yi wata biyu ba sai ga Nene da kanta tana buge hannun duk wanda zai zubar da ƙaya bayan cin abinci.

Ba ki taɓa zama baƙuwa mai jiran a kawo mata ba. In an yi rasuwa kina cikin mata kina kankarar kwakwa, in an yi biki kina damun sago, garin da muke tuwo da shi, har hannunki ya gaji. Ranar da haihuwata ta fari ta zo da gardama, kin tsayar da aikin kogo, kika sa ni a jirgin da aka ba ki don aiki, kika riƙe kaina a cinyarki har babban tsibiri inda asibiti yake. Yarinyar da na haifa ran nan yau ita ma uwa ce, sunanki take ɗauke da shi.

Amma abin da Wulira ba za ta manta miki ba shi ne maganar sasi, al'adarmu ta rufe wurin kamun kifi. Tun kaka da kakanni, in dattawa suka ɗaure ɗanyen ganyen kwakwa a kan sanda suka kafa a bakin duwatsun murjani na gabas, to an rufe wurin ke nan, ba mai jefa koma ko ƙugiya sai ranar da aka kwance. A shekarar da jiragen masu sayen kifi suka fara zuwa da ƙanƙara, samari suka ce wannan al'ada ta tsufa. Jagoransu Dahlan Rumakat ne, mai jirgin inji na farko a garin, mutum mai ƙarfi da baki. Ba mugunta ce ta sa shi ba, yana da 'ya'ya a makaranta, kifi kuma yana gani da idonsa a bayan sanda. Aka sa ranar taro a harabar masallaci bayan la'asar, kowa ya san a ranar za a tuge sandar har abada.

Kika nemi izinin Bapa Raja, sarkin garinmu, ki yi magana. Kika shimfiɗa tabarma, kika fara jera ƙasusuwan bayan kifi da kika tono, iri ɗaya duka, daga na can ƙasan rami zuwa na sama. Na ƙasa manya ne, wasu kamar bakin kofin shayi. Ana hawa suna ƙanƙancewa, har suka koma kamar ƙwayar masara. Daga nan kika bar fili a tabarmar, kika zuba yashi tafin hannu guda.

Dahlan ya ce, "To, Ibu Ƙaya, yashin kuma na miya ne?"

Aka yi dariya, ke ma kika yi. Sannan kika ce, "A nan babu toka, babu ƙaya, babu ƙugiya, Yaya Dahlan. Ba kowa a tsibirin. Ban san tabbas abin da ya tashe su ba, ƙashi ba ya faɗin wannan. Abin da na gani kawai na kawo muku."

Bayan yashin kika ci gaba da jeri, na mutanen da suka dawo daga baya, wato kakanninmu. Ƙasusuwan suka sake girma, kuma ba su ƙara raguwa ba har ƙarshen tabarma. Ba ki ce sasi ne ya yi wannan ba, ba ki kuma ce a bar shi ba. Kika tattara kayanki kika koma cikin mata. Dahlan ya tashi ya tafi yana faɗa, ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwarki, ke kuwa ba ki fasa gaishe shi ba. Amma sandar ba a tuge ta ba.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ya faru bayanki, don na san da kina nan shi za ki fara tambaya. A wannan watan ne aka shirya buɗe gabas, mutane sun daɗe suna jira, an gyara komaye. Kin san al'adarmu, in babba daga cikin 'ya'yan gari ya rasu, sai a sabunta ganyen, wurin ya ci gaba da zama a rufe har shekara ta zagayo. Da aka zauna bayan addu'ar uku, wasu samari suka ce ke ba 'yar Wulira ba ce, ba a nan aka haife ki ba, ba a nan kabarinki yake ba. Wani ma ya ƙara da cewa in an kwance wannan karon kada a sake ɗaurewa. Gabana ya faɗi, Ibu, domin ke da tabarmarki ba kwa nan.

Sai Dahlan, wanda yanzu muke kira Tete, wato kaka, kuma da sanda yake tafiya, ya ɗaga kai ya dubi jikansa, wanda shi ne ya ce ke ba 'yar gari ba ce. Ya ce, "Kai, ɗan nema, kakan kakanka me ya ci da rana? Ba ka sani ba ko? To ita ta sani. Har girman kifin ta sani. Kai ne baƙo a garin nan, ba ita ba." Bai jira amsa ba, ya sa aka saro masa ganyen kwakwa. Da ruwa ya janye ya taka har bakin murjani, yana tangaɗi a kan duwatsu, ya ƙi a riƙe shi, ya ɗaura da hannunsa. Da ya dawo idonsa ya yi ja, ya ce iska ce.

Allah Ya jiƙan ki, Ibu Maryati. Allah Ya yafe miki kura-kuranki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa ilimin da kika bari ya zama sadaka mai gudana a gare ki. Kamar yadda kika riƙa ɗaga ƙasusuwan bayin Allah da tausayi, kina rufe kowane rami in kin gama, Allah Ya lulluɓe ki da rahamarSa. Ina miƙa ta'aziyyata da ta mutanen Wulira ga Ridwan da ƙanwarsa Nurjana, da jikoki, da ɗalibanta da ke warwatse a tsibirai. Allah Ya ba ku haƙuri, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Ridwan, in iska ta kwanta ku zo. Ba mu sami zuba ƙasa a kabarin mahaifiyarku ba, amma daga ƙofar ɗakin da take sauka ana hango ganyenta, har yanzu ɗanye ne.