Tsoho da hujin ƙarshe na sarewarsa

Na kawo wa kafintan layinmu kujerata mai karyayyiyar ƙafa, sai na tarar wani tsoho ya tsare shi. Siriri ne kamar abin da ke hannunsa: tsohuwar sarewa ta baƙin katako, gaɓa uku, kowace mahaɗa da zoben ƙaho da naɗin zare. Yana riƙe da ita kamar jariri sabon haihuwa.

Yatsun tsohon sun ƙage, ƙaramin ya daina kaiwa hujin ƙarshe. So yake a toshe shi, a huda wani kusa. Amma da kafinta ya ɗora tsinin ƙarfe, sai ya cafke masa hannu.

"Dakata, ɗana. In ka matsar da shi, muryarta za ta canza."

"To a bari, Baba."

"In an bari, yaya zan busa?"

Haka suke ta yi, ni kuwa tsayuwa ta ishe ni. Ina jin wanda ya bar masa sarewar ya daɗe a ƙasa, muryarsa ce tsohon ke tsoron a huda.

Na ce, "Baba, ko yatsan ne za a yi wa ƙari?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai mai surutu, yatsanka ya kai harshenka tsawo. Matso."

Ga ni nan tsaye na toshe masa huji, yana busa ido rufe, in lokacin ɗaga yatsa ya yi ya take mini ƙafa. Kujerata kuwa, kafinta ya jingina ta da bango ya zauna yana sauraro.