Jibin Aku

Shekarar da Baba ya bar aikin kuza, tun fam bai koma naira ba, kakarmu Iya ta dawo gidanmu a Anguwan Rogo. Da an idar da magariba sai ta hura wuta saboda sanyi, ta binne dankali a toka. Ba ka cin dankalin Iya sai ka amsa tambayarta.

Tatsuniyar aku ce ta fi zauna mini. Wani tsoho a kan dutse ya ga hadari yana haɗuwa, ya aiki aku wurin mutanen kwari: "Ka ce musu jibi rafi zai cika, su kwashe accarsu." Aku ya tsaya cin ɓaure, ya yi kwana biyu a hanya. Da ya isa ya ce, "Jibi rafi zai cika." Mutane suka ce ai da sauran lokaci. A ranar ruwa ya tafi da acca.

Iya ta dube mu. "Aku ya yi ƙarya?"

Talatu 'yar maƙwabtanmu ta ce, "A'a, Iya, haka aka faɗa masa."

"To, uwar surutu, me ya cinye accar?"

Ni na ce, "Jibin tsoho daban, jibin aku daban." Ni na ci dankalin, kuma ban raba da kowa ba.

Ban taɓa shiga aji ba, amma 'yata Rabi malamar firamare ce. Bara ta zo mini da kuka: ɗalibanta suna karanta takarda tiryan-tiryan, ko ta rigakafi ce ko ta noman tumatir, amma a tambaye su abin da ta ce, shiru. Hedimasta ya ce in aka sake faɗuwa jarrabawa zai karɓe ajin.

Na ce, "Ke Rabi, aku kike kiwo. In sun karanta, su rufe littafin. Ki tambaye su wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, me yake so a yi. Su amsa da bakinsu, ba da bakin takarda ba."

Ta ce, "Inna, ba dankali a makaranta."

Na ce, "Ki saya."

Ajin yana hannunta har yau.

Cikin waɗanda suka zauna gaban wutar nan, saura ni da Talatu, tana unguwar Daɗin Kowa wurin ɗanta. Duk ranar da na aika mata cewa jibi ina tafe, sai ta tsare ɗan aiken: "Yaushe ta faɗa?"