Barmo da Alewar Madam Beril

Barmo mutumin Maraɗi ne, ɗan gidan masu alewa. Tun yana ƙarami yake jan sukari a jikin ƙusa har sana'ar ta fita ransa, shi ya sa da wani Alhaji ya ce ya tafi Guangzhou ta ƙasar Sin ya riƙa saro masa kaya, ko waiwaye bai yi ba. A 2003 ke nan. Ba a jima ba Alhajin ya koma sarin Dubai, ya bar Barmo a wani ɗan ɗaki bayan titin Huanshi, yana raka baƙin 'yan kasuwa shago-shago.

A benen da yake haya akwai wata tsohuwar Baturiyar Ingila, Madam Beril, mai koyar da Turanci. Shi Faransanci ya iya, ita ba ta ji, sai su haɗu a gurgun Sinanci. Wata ranar Disamba ya dawo daga lodin kayan 'yan kasuwa a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ƙafafunsa na zogi, ya tarar da hayaƙi na fitowa daga ƙofarta. Sukari ta ƙona. Wai alewar na'a-na'a take son yi, mai ratsin ja da fari, lanƙwasasshiya kamar sandar tsoho, wadda ake ratayewa a bishiyar Kirsimeti.

"Hannuwan nan sun daina jin magana," in ji ta, tana nuna masa kumburarrun yatsunta.

Ya so ya wuce ya kwanta. Sai dai tsohuwa ce, kuma ba ta da kowa. Ya karɓi tukunyar.

Aikin ya ba shi wuya, don damshin garin ba ya barin alewa ta bushe, sai danƙo. Yana ja yana ninkewa, ita tana zaune tana ba shi labarin garinsu: yadda duhu ke shiga tun la'asar, yara su rataye safa a jikin murhu, manya su sa hular takarda su ci abinci, masu waƙa su bi ƙofa-ƙofa cikin sanyi. Rabi kawai yake ganewa.

"Madam, me ya hana ki komawa?"

"In tarar da wa?" ta ce.

Daga nan abin ya zame masa jiki. Abokan aikinta suka ji labari suka riƙa neman ya yi musu, duk Disamba sai ya yi ta jan sukari mai zafi har tafin hannunsa ya yi bororo. Sauda, Bakanuwar da ke sayar musu da tuwo, ta kan tsokane shi.

"Malam Barmo, an ce kai ne sarkin alewar Turawa?"

"Hajiya, bar ni da gajiyata."

A 2008 jikin Madam Beril ya ƙi, makarantar ta sallame ta. Barmo ne ya sauko mata da akwatunanta zuwa tasi. Ta riƙe hannunsa ta daɗe, sannan ta shiga tasin ta tafi. Da Disamba ta zagayo abokanta suka ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya ce kafaɗarsa ba za ta iya ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Lodin nasu ya koma Nansha, wadda ta fi nisa. A bas yake rama barcinsa, kansa jingine da gilashi. In aka tambaye shi yaushe zai je gida, sai ya ce bayan Sallah, ba ya dai faɗin wace Sallar.