Rabin Teburin Isuhu

Yau da safe na tsinci kaina ina share garin katako daga rabin teburin aikina, har da yayyafa ruwa a ƙasa.

Baba Ado, mai gadin layinmu a Sharaɗa, ya leƙo ya ce, "Kafinta, wa kake share wa? Ai Isuhu ya tafi."

Isuhu mai walda ne, mutumin Maraɗi. Shekara da shekaru teburi ɗaya muke, ni da zartona, shi da injinsa na yankan ƙarfe. Kafin ya kunna sai ya ƙwala min kira, "Share, kar ka ƙona mu!" Don in tartsatsi ya faɗa garin katako, gobara ce. Kullum sai mun yi cacar baki.

Bayan salla ciwon ido ya mai da shi gida.

Na ce, "Baba, hannu ne ya saba."

Ya ce, "To ka baje kayanka mana, wurin duk naka ne yanzu."

Na ce, "Sai gobe."

Ya ce, "Jiya ma haka ka ce."

Wallahi wurin ya yi min yawa. Ku da kuka taɓa kewar abokin faɗa, ya kuka yi da gurbinsa?