Keken Hedimasta Ranar Juma'a

Jiya 'yata, wadda ke koyarwa a makarantar Katolikan da na yi firamare, ta ce masu bincike sun zo musu. Suna son sanin abin da makarantar ta riƙe nata na kanta bayan duk sauye-sauyen manhaja.

"Baba, me zan ce musu?"

Sai na yi dariya, don marigayi hedimastanmu ne ya faɗo mini a rai. Kirista ne, amma duk Juma'a shi ke kora mu 'yan unguwar Kwarbai masallaci. Wata rana takalmina ya tsinke, abokai suka tafi suka bar ni. Hedimasta ya ɗora ni a bayan kekensa muka bi ta Ƙofar Doka, rigarsa na ƙamshin guga, gicciyensa na lilo a wuya. Yana haki ya ce, "Babanka amanarka ya ba ni gaba ɗaya, har da sallarka." Ya sauke ni ana tayar da salla.

Na ce, "Faɗa musu wannan, in har yanzu ana yi."

"Ana yi, Baba, sai dai keken ya zama babur."

Allah ya riƙe masa zuri'arsa yadda ya riƙe mu.