Asibitin da Malam Ya Zaɓa

Shin Malam ya san abin da ke cin ƙirjinsa ranar da ya sauka daga motar nan, ko kuwa shi ma ƙwannafi ya ɗauka, kamar yadda ya yi ta gaya min? Na tambayi kaina ina cikin takaba, na tambaya bayan na fita, har yau ban samu amsa ba. Ni ban iya riƙe alƙalami ba. 'Yar ƙanwata ce ke rubutawa, na kuma ce mata idan kuka ya tsayar da ni ta jira, kada ta cike min da nata.

Ciki ne ya kai mu Riyad. 'Yarmu ta fari tana aure a can, mijinta injiniyan lantarki ne a wani kamfanin gine-gine. Ta daɗe ba ta samu ba, da ta fara samu kuma sai ya riƙa zubewa. Wannan da ya zauna, ita ya kamata ta zo gida goyon ciki, amma likita ta hana ta hawa jirgi. Sai mijin ya nema mana bizar ziyara, ni in zo in yi mata wankan jego, Malam ya rako ni, idan an yi suna mu wuce Umra. Na ɗaure kanwa da yaji da kuka da daddawa, muka taho.

Mutanen garinmu suna da alkunyar ɗan fari, Malam kuwa ya fi kowa. Tunda aka haifi yarinyar nan ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. "Waccan" yake ce mata. Ni ma da haka na tashi, gwaggonta ce ta raine ta, ita ce ma ya kamata ta yi wannan tafiya, sai dai ta riga mu gidan gaskiya. Da na hango 'yata a filin jirgi, ƙafafu a kumbure, tana dafe da ƙugu, a nan na ajiye tawa kunyar. Malam bai ajiye tasa ba. Ta durƙusa da ƙyar ta gaishe shi, ya amsa yana kallon jakunkuna.

Gidansu a unguwar Badi'a yake, a saman bene, ɗaki biyu da falo. A gida akwai zaure, akwai soro, suruki da suruki sai su yi wata ba su haɗa hanya ba. A nan kuwa lungu ɗaya ne kowa ke bi. Idan suka yi kiciɓis, yaron ya zube ƙasa yana "Baba, an tashi lafiya?", ya toshe hanyar gaba ɗaya, Malam ya rasa ta inda zai wuce da butarsa. Abinci kuwa ba ya ci a gabansu. Can saman rufi nake kai masa, gindin tankin ruwa. A hawan matakalar nan na fara ganin yana tsayawa, ya dafa bango, ya murza ƙirji.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Shinkafar Larabawan nan ce, mai ya yi mata yawa. Ki jiƙa min kanwa."

Na ce bari in gaya wa yaron ya kai shi a duba. Ya harare ni. "Mun zo taya su ɗaukar kaya ne, ko mun zo ɗora musu?"

Yarinyar tana zuwa awo a wani ƙaramin asibitin mata da ke bayan unguwar, da ƙafa ma ana zuwa. Likitarta 'yar Sudan ce, mai sanyin hannu. Ita ta ce mabiyiya ta zauna ƙasa, kusa da hanyar da ɗa zai fito. Mai yiwuwa ta ɗaga idan ciki ya ƙara girma, mai yiwuwa ta ƙi. Idan dai aka ga jini, ko kaɗan ne, kada a tsaya neman mayafi. Ta'amin ɗin kamfanin mijin, wato inshorar da ke biya musu magani, ya yarda da asibiti biyu: wannan, da wani babba can arewacin gari, wajen hanyar filin jirgi. Sai a zaɓi inda za ta haihu.

Da na kai wa Malam wannan labari a saman rufi, ya ajiye cokali. Na san inda zuciyarsa ta tafi. Haihuwar wannan yarinyar ce ta kusa kashe ni. Jini ya ɓalle min, ungozoma ta yi iyakar yinta, ya ɗora ni a bayan babbar motar da yake tuƙawa a lokacin. Asibitin farko da muka je babu jini, sai da muka ƙara gaba, a can aka ɗebi nasa aka ƙara min. Shekara da shekaru bai taɓa tayar da maganar ba.

Ran Juma'a ya tafi Batha, inda mutanenmu ke taruwa, ya samo wani ɗan garinmu mai tuƙa tasi, ya sa shi ya zagaya da shi asibitocin biyu. Ya dawo yana haki.

"Ki gaya wa yaron nan, na sa an tambaya min inda suke ajiye jini. Ƙaramin aikawa suke yi a kawo musu, idan abu ya cije su ɗora mace a mota su tura ta babban. To me ya sa ba za a fara daga inda ake ƙarewa ba?"

Na sauko na isar. Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce, "Mama, ki ba Baba haƙuri. Bai ga titin nan a ranar aiki ba, ran Juma'a ya bi shi. Idan ma'aikata suka taso tsayawa yake cik. Ni tsorona kada jinin ya ƙare mata a hanya, alhali ga asibiti a bayan gida."

Na sake hawa. Malam ya ce, "Asibitin da zai karɓe ta ya tura ta gaba, ai hanya biyu ke nan."

Haka na zama 'yar aike tsakanin maza biyu da bene ɗaya ya raba. Idan ina sama in ga Malam ya fi gaskiya, idan na sauko in ga yaron ya fi shi. Da a ce sun zauna a tabarma ɗaya, ƙila da an gama a wuni guda. Amma uba ya zauna da mijin 'yarsa ta fari suna maganar haihuwarta? Ko a mafarki Malam ba zai yi ba.

Wata rana na iske ta a kicin tana kuka. Ta ce, "Inna, ni ce mai cikin, amma ba wanda ya tambaye ni. Ku kuna hawa kuna sauka kamar cinikin saniya."

Na ce, "To na tambaye ki. Ina kike so?"

Ta ce, "Likitata ta san ni, tana riƙe min hannu. Can babban ko ƙofarsa ban sani ba." Sai ta share fuska ta ce, "Shi Baba har zuwa ya yi da kansa?"

Na ce har zuwa ya yi. Ta ci gaba da yankan albasa.

Don kada Malam ya ga an raina shi, yaron ya kai ta babban sau ɗaya aka buɗe mata fayil. Awo kuma aka ci gaba da yi a ƙaramin. Magana ta tsaya a haka, kowa na zaton shi aka bi.

Ranar Alhamis ce, a tsakiyar zafin nan nasu da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Yaron ya dawo da wuri, bayan Azahar. Ina ninke kayan jariri na ji 'yata ta ce "Inna" da wata irin murya. Na same ta a tsaye ta riƙe bakin ƙofa, jini na bin ƙafarta har ya kai tayil. Ba naƙuda, ba ciwo, jini kawai. Yaron ya ce kafin motar asibiti ta zo gara mu tafi da kanmu. Ya ɗauke ta cak, na bi su da zannuwa.

Malam na dawowa daga masallaci ya gan mu a ƙofar gida. Ya dubi zanen da ke hannuna. Ya buɗe gaban mota ya zauna kusa da surukinsa, abin da bai taɓa yi ba.

A bakin unguwa hanya ta rabu. Hagu ƙaramin asibiti, har ana hango allonsa. Dama babban titi. Yaron ya taka birki. A karo na farko ya juya ya dubi Malam ido da ido.

"Baba, ina muka nufa?"

Malam ya dubi hagu, ya dubi dama. Na baya suna ta danna mana oda. Sai ita, da kanta ke kan cinyata, ta ce, "Ku bi maganar Baba."

Muka yi dama.

Da farko hanya ta ba mu. Sai muka hau wata gada, na hango motoci jere har iyakar ganina, ba mai motsi. Zanen farko ya jiƙe, na sa na biyu. Leɓenta ya fara fari. Ina kiranta tana amsawa, can sai amsar ta koma ɗaga gira kawai. Yaron yana waya da asibiti da Larabci, yana dukan sitiyari. Ni kuwa na zuba wa ƙeyar Malam ido, Allah ya yafe min, a raina ina cewa ga inda taurin kanka ya kawo mu.

Sai na ji ya buɗe ƙofa.

A gida idan hanya ta cushe, wani direba ne ke sauka ya zama ɗan sanda, ya ce kai matsa, kai tsaya, har a samu kafa. Malam ya yi wannan ba adadi a zamanin tuƙinsa. A Riyad ba mai sauka, kowa na cikin sanyin motarsa, gilashi a rufe. Yaron ya ce, "Baba, ba a yi a nan! Baba!" Ina, ya riga ya yi gaba.

Ina ganinsa ta gilashi, tsoho da farar riga, ya cire hula yana kaɗawa, yana ƙwanƙwasa tagogin mutane. Larabcinsa na sallah ne, sai 'yan kalmomin da ya tsinta. "Mustashfa! Dam! Dam!" yake cewa, asibiti, jini, yana nuna motarmu. Wani ya daka masa tsawa. Wani ya leƙo ya gan mu, ya karkatar da motarsa, ya kuma sa hannu yana yi wa na gabansa alama. Malam na gaba yana sassarfa, mu muna binsa a baya kamar makafi da ɗan jagora. Kwalta tana tururi. Sau biyu na ga ya dafa bayan wata mota ya sunkuya, ya sake miƙewa. Haka ya ja mu har ƙarshen gadar, inda hanyar asibitin ta ɓalle. Da ya dawo mota rigarsa ta manne da jikinsa, fuskarsa ta yi toka-toka, numfashinsa na fita da ƙara. Na gani. Amma hannuwana biyu suna kan 'yata.

A ƙofar asibiti ma'aikata na jiranmu da gado mai taya. Suka yi ciki da ita a guje, mijin na biye. Ni na ɗan tsaya da Malam a gindin wani ginshiƙi, sa'an nan na bi su.

Tiyata aka yi mata. An ƙara mata jini leda bayan leda, ina zaune a wani dogon lungu mai sanyi ina jan carbi, ban san ma me nake karantawa ba. Wajen La'asar sakaliya wata nas ta fito ta yi wa yaron magana, ya zube a ƙasa ya yi sujada. Namiji ne, ƙarami, an sa shi a kwalba, uwar kuma jinin ya tsaya. Yaron ya miƙe zai fita ya gaya wa Malam, na riƙe masa riga na ce ni zan je.

Na ɓata hanya kafin na gane ƙofar. Gindin ginshiƙin ba kowa, sai hularsa a kan dakali, da takalminsa ƙafa ɗaya. Mai gadi ya ga na ɗauki hular, ya kama faɗa min magana da Larabci yana nuna ciki. Ashe ba mu daɗe da shiga ba ya ga Malam ya zame daga zaune. Sun ɗauke shi, sun kai shi wajen likitocin zuciya, hawa ɗaya tsakaninsa da inda ake yi wa 'yarsa aiki. Sun yi abin da za su iya. Lokacin da yaron ke sujada, an riga an rufe masa fuska.

A can aka binne shi, cikin kaburburan da ba a rubuta suna. Umrar ba mu yi ba. Na yi wa 'yata abin da ya sawwaƙa na jego ina cikin takaba, hawayena na zuba a ruwan. Jaririn an mayar masa da sunan kakansa, don haka ni ma yanzu ba na iya kiran sunansa. Yaron har yau cewa yake da ya kulle ƙofar motar. Ita kuwa cewa take ita ta ce a yi dama. Ni ba na ce musu komai, don ni ce na tsaya da shi a gindin ginshiƙin nan, na ga yadda yake jingine, hannu a ƙirji.

Na ce masa, "Malam, ka shigo ciki akwai sanyi, ka ga yadda ka koma kuwa? Ga likitoci nan, su duba ka."

Ya girgiza kai, har da ɗan murmushinsa. Ya ce, "Ni a ƙofar ɗakin haihuwar waccan? Ki rufa min asiri. Jeki, kada ta buɗe ido ta ga ba kya nan. Ni ina nan a inuwa. Idan ta sauka kada ki aiko kowa, ki zo da kanki ki gaya min."